Wane Amadu? Yadda ake rarrabe takwarori daga Damagaram har Masina

Wanda ya ce "Sarki Amadu" a Damagaram bai ambaci kowa ba tukuna. Su biyu ne, ubansu ɗaya, kuma ɗaya ya gaji ɗaya a cikin shekara guda, 1899. Dukansu ƴaƴan Sarki Tanimu ne, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a garin nan, ya rasu a 1884. Ɗalibai masu rubutun kammala karatu, da masu zuba tarihi a Facebook, har da wasu ƴan jarida, sukan haɗe mutanen nan biyu su zama mutum ɗaya mai rayuwar da ba ta yiwuwa: wai ya yaƙi Faransawa a Tirmini, aka kashe shi, sannan kuma aka kore shi zuwa ƙasar waje bayan shekara bakwai.

Na farkon shi ne Amadu Kuran Daga. Ya hau gadon sarauta a 1893, bayan Suleman ɗan Aisa. Mayaƙi ne, ya kai wa ƙasar Kano hari a zamanin Sarki Alu. A lokacinsa ne Kyaftin Cazemajou na Faransa ya iso Damagaram, aka kashe shi tare da tafintansa a watan Mayun 1898. Shekara na zagayowa sai ga rundunar Faransa da hafsoshi Voulet da Chanoine suka jawo daga yamma, wadda ta bar toka da gawawwaki daga bakin Kwara har ƙasar Tasawa. Su kansu jagororin biyu sojojinsu ne suka harbe su a tsakiyar Yulin 1899, Pallier da Joalland suka ci gaba da tafiyar. A ƙarshen watan aka gwabza a Tirmini, yamma da birni, bindigar zamani ta rinjayi doki da mashi. Sarki ya janye, aka bi sawunsa, aka kashe shi a Rumji cikin Satumba. Daga nan ya sami laƙabinsa na biyu, Mai Rumji.

Na biyun Amadu ɗan Bassa ne, wanda Faransawa suka naɗa a gurbin ɗan'uwansa. Ya yi sarauta har 1906, sa'ad da aka zarge shi da ƙulla makircin tayar wa Turawa da bore, tare da wasu manyan gari irin su attajirin nan Malam Yaro. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa, aka damƙa riƙon gari ga Ballama, bafade wanda ba jinin sarauta ba. Sarauta ba ta koma gidanta sosai ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa. Masu ɗaukar ɗan Bassa a matsayin ɗan amshin shatan Bature kawai ba su yi masa adalci ba. Wanda ya gamsar da masu mulkin mallaka ba ya ƙarewa a hannunsu da tuhumar tawaye.

Akwai gwaji mai sauƙi ga tsofaffin hotunan da ke yawo a waya. Duk hoton da aka rubuta wa "Sultan de Zinder" ko "Amadou" a ƙasa, a fara duba shekarar da aka ɗauke shi. In bayan Satumban 1899 ne, ko da rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ce ta ɗauka da ta iso a watan Nuwamban shekarar, to ba Kuran Daga ba ne, domin yana ƙasa a lokacin. Haka takardun bariki: duk wasiƙar da ke maganar Sarki Amadu da haraji, ko aikin tilas, ko kwamandan da'ira, ɗan Bassa ake nufi. Kuran Daga bai zauna ƙarƙashin kwamanda ko kwana ɗaya ba.

Abin lura shi ne mutanen da ba sa rikicewa a wannan batu su ne makaɗan fada da tsofaffin Birni, domin ba su taɓa kiran sunan tsirara. Suna haɗa shi da kirari, ko sunan uwa, ko wurin da mutum ya kwanta dama. Wannan tsari ne tsoho kuma mai inganci a duk ƙasar Hausa. Kanawa suna cewa Abdullahi Maje Karofi da Usman Maje Ringim, Sakkwatawa suna cewa Atiku Mai Katuru da Atiku na Raba. Inda uba ɗaya ya haifi ƴaƴa da yawa daga ɗakuna daban-daban, sunan uba ba ya raba gardama, shi ya sa ake komawa ga uwa, kamar yadda aka yi wa Suleman ɗan Aisa. Lambar "na ɗaya" da "na biyu" da littattafan boko suka shigo da ita ba ta kai wannan ƙarfi ba, don marubuta ba sa fara ƙirga daga wuri ɗaya.

In na Damagaram biyu ne, na Masina da Segu a ƙasar Mali ta yau huɗu ne, kuma nan ne ƙafar masu rubutu ta fi zamewa. Seku Amadu, wanda ake kira Ahmadu Lobbo, malami ne Bafulatani da ya yi jihadi a kwarin Masina, ya ci yaƙin Nukuma a 1818, ya gina birnin Hamdullahi, ya rasu a 1845. Ɗansa ya gaje shi, sunansa Amadu Seku, wato Amadu ɗan Shehu, har 1853. Jikan ya biyo baya, shi kuma Amadu Amadu, wato Amadu ɗan Amadu. Shi ne Alhaji Umaru Futi ya ci da yaƙi a 1862, ya ƙwace Hamdullahi, aka kashe shi. To shi Alhaji Umaru babban ɗansa ma Ahmadu ne, kuma da yake ana kiran uban Shehu, sai ɗan ya zama Ahmadu Seku, suna iri ɗaya da na sarkin Masina na biyu, alhali gidansa ne ya rushe daular wancan. Wannan na huɗun ya mulki Segu. Kanar Archinard na Faransa ya karɓe Segu a 1890, Nioro a 1891, Bandiagara a 1893. Ahmadu ya yi gabas, ya ratsa ƙasar da ta zama Nijar, ya rasu kusa da Sakkwato a 1897.

Ga yadda ake raba su. A duba jerin kalmomin: in Seku ya zo gaba, shi ne shehun da kansa, in ya zo baya, ɗan shehu ne. A duba ɗariƙa: gidan Hamdullahi Ƙadirawa ne, gidan Umaru Tijjanawa. A duba abokin gaba: in Faransawa ne a fagen, to ɗan Umaru ne, domin ukun Masina duk sun shuɗe kafin Bature ya iso yankin da runduna. Kuma a tuna cewa Ahmadun Segu da Kuran Daga sun yi zamani ɗaya, dukansu suna fuskantar Faransa a shekarun 1890, saboda haka rahoton soja da ya ce "Ahmadou" kawai a wannan tsakanin sai an duba daga wane sansani aka aiko shi. Wani takwaran nasu ne ma ya tattara yawancin abin da aka sani game da Masina daga bakin tsofaffi: Amadou Hampâté Bâ, haifaffen Bandiagara, almajirin Cerno Bokar, wanda ya rasu a Abijan a 1991.

A Sakkwato an yi Sarkin Musulmi Ahmadu sau biyu kusa da juna. Ahmadu ɗan Atiku, 1859 zuwa 1866, jikan Shehu Usmanu ne. Ahmadu Rufa'i, 1867 zuwa 1873, ɗan Shehu ne na cikinsa. Wato jika ya riga ɗa hawa gado, kuma wanda ya ɗauka cewa na baya a sarauta shi ne na baya a zuriya ya juya bishiyar gidan kai ƙasa. Aliyu Ƙarami ne ya shiga tsakaninsu na ɗan lokaci. Shi kuwa Sardauna Ahmadu Bello bai taɓa zama Sarkin Musulmi ba, ko da yake ya nema a 1938, aka ba Abubakar na Uku, shi aka naɗa shi Sardauna. Bellon da ke sunansa ba na mahaifinsa ba ne, mahaifinsa Ibrahim ne. Na kakan mahaifinsa ne: Ahmadu ɗan Ibrahim ɗan Atiku na Raba ɗan Muhammadu Bello. A makarantar Katsina Ahmadu Raba ake ce masa. Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, aka kafa jami'ar Zariya mai sunansa a 1962, sojoji suka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966. A daidai wannan zamani makwabciyarsa Kamaru tana hannun Ahmadou Ahidjo ɗan Garwa, wanda ya yi mulki daga 1960 har ya sauka da kansa a 1982, ya rasu a Dakar a 1989. Gini kuma tana hannun Ahmed Sékou Touré.

Sunan ya yaɗu haka ne saboda asalinsa. Ahmad sunan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a Suratus Saffi, aya ta 6. Sannan kowane babban malami da ya ɗauke shi ya ƙara masa mabiya: Imamu Ahmad ɗan Hambali na Bagadaza, Shehu Ahmad Rufa'i na Iraƙi, Shehu Ahmad Tijjani wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya ya rasu a Fas a 1815, Ahmadu Bamba na Senegal mai birnin Tuba, wanda shi ma Faransawa suka kai Gabon daga 1895 zuwa 1902. Wannan yana da amfani ga mai bin diddigin zuriya. Sau da yawa mutumin da gari ya sani da Tijjani ko Rufa'i, sunan da aka raɗa masa ranar suna Ahmad ne, kamar yadda Sanda da Faruku suke Umaru, Garba yake Abubakar, Bello yake Muhammadu. Ga kuma alkunya: yaron da aka sa wa sunan kaka, iyaye ba za su kira sunan ba, sai ya tashi a Baba ko Abba, takardar makaranta ta ce wani abu, makwabta su ce wani. Mutum ɗaya yana iya bayyana da suna uku a takardu uku, kamar yadda mutum uku ke iya ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya.

Wani lokaci takwarorin a fage ɗaya suke, kowa a ɓangarensa. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ne ya aiko rundunar da ta karya daular Songai a Tondibi a 1591, kuma a ƙarƙashin ikonsa aka kwashe malaman Tumbuktu zuwa Marrakesh a 1594, cikinsu har da Ahmad Baba, babban masanin fikihun Malikiyya. Bai koma gida ba sai 1608, bayan mutuwar sarkin, ya rasu a 1627. Abin sha'awa, sana'ar da ya fi shahara da ita ita ce wannan da muke magana a kai: littafinsa Nailul Ibtihaj kundin tarihin malaman Malikiyya ne, inda kowane mutum ke zuwa da sunansa, da na uba da kaka, da garinsu, da malamansa, da shekarar rasuwa. A Mali ta zamaninmu, Kyaftin Amadou Haya Sanogo ne ya kifar da Shugaba Amadou Toumani Touré a watan Maris na 2012. A nan gida Nijar kuwa, Amadou Cheiffou ya riƙe firaministan riƙon ƙwarya bayan Taron Ƙasa na 1991. A Fabrairun 1995 Shugaba Mahamane Ousmane ya naɗa Amadou Boubacar Cissé, majalisa ta tsige shi cikin makonni biyu, Hama Amadou ya maye gurbinsa. Firaminista uku cikin shekara huɗu masu ɗauke da sunan, amma a biyun farko sunan yanka ne, a na ukun kuwa yana mazaunin sunan uba. Mai tsara jerin sunaye bisa haruffa da bai san wannan ba zai sa su wuri ɗaya kamar ƴan gida guda.

Na sauran fannoni ba sa rikitarwa, don fagensu ya raba su: Ahmed Musa da ƙwallayensa biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ta Aisland a 2018, Amadou Dia Ba da ya kawo wa Senegal azurfa a tseren mita 400 na tsallake shinge a Seoul a 1988, Ahmed Zewail na Masar da kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999, marubuci Ahmadou Kourouma na Kodibuwa, Amadou-Mahtar M'Bow da ya shugabanci UNESCO daga 1974 zuwa 1987.

Mai son tantance wani Amadu da ya ci karo da shi a takarda ko a baki, kada ya rubuta komai sai ya cika gurbi huɗu: uba, laƙabi, wuri, shekara. Biyu ba sa isa. Uba kaɗai ya kasa a Damagaram, laƙabi kaɗai ya kasa a Masina. Shekarar rasuwa ta fi ta haihuwa tabbas, domin ana haihuwar mutum ba wanda ya san abin da zai zama, amma mutuwar babba gari duka ke shaidawa. In shekarar ta Hijira ce, kamar yadda take a rubuce-rubucen ajami da na Larabci a gidajen malamai, a raba ta da 33, a ɗebe abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1317: rabawa ta ba da kusan 40, a ɗebe saura 1277, a ƙara 622 ya zama 1899, shekarar Tirmini. Haka 1036 ke ba da 1627, rasuwar Ahmad Baba. Lissafin yana iya kuskuren shekara ɗaya, domin shekarar Hijira takan hau kan shekarun miladiyya biyu. 241 ta rasuwar Imamu Ahmad tana ba da 856 alhali 855 ce. A wurin da Amadu biyu suka yi sarauta a shekara guda, wannan ɗan bambanci ba abin wasa ba ne, sai an nemo watan. Bayan haka a gwada tsawon rai: in abubuwan da aka jingina wa mutum sun bazu a kan shekara tamanin ko casa'in na aiki, kusan tabbas mutum biyu aka ɗinke. Kama da wane ba ta wane.

Binciken intanet yana da nasa tarko. A Larabci da ajami sunan harafi huɗu ne ba ya canzawa, amma a boko ya tarwatse: Faransawa suka rubuta Amadou da Ahmadou, Ingilishi suka rubuta Ahmadu da Ahmed, malamai suka fi son Ahmad, Hausar yau ta ce Amadu. Wanda ya nemi Kuran Daga da rubutun Hausa kawai zai rasa yawancin abin da aka rubuta. Sai ya gwada Kouran Daga, da Roumji, da Tanimoune, da Zinder a madadin Damagaram. Aikin André Salifou kan Damagaram ta ƙarni na 19, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, da rubutun Faransanci yake, don haka da wannan salon za a neme shi.

Wannan tarwatsewar rubutu ita ce ke cizon talaka a ofis, ba sarakunan da ba. Yaro yana da Amadou a takardar haihuwa, malamin firamare ya rubuta Ahmadou a rajista, ya girma ya fi son Ahmed ya sa a takardun neman aiki. Ba wanda ya damu sai ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC ko BAC, ko neman fasfo, ko karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Libiya ko Aljeriya, inda harafi ɗaya ke hana biya. A hukumance takardar haihuwa ce uwa, ko hukuncin kotu da ya tsaya a madadinta ga wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Duk sauran takardu su za su bi ta, ba ita za ta bi su ba. In kuskuren a cikinta yake, ba a gogewa da hannu, ba a kuma zuwa wata ma'aikatar magajin gari a yanko sabuwa. Wannan ne ke haifar da mutum mai haihuwa biyu, kuma ranar da aka gano matsalar ta fi ta farko. Gyara galibi ta kotu yake bi, da shaidu, sannan a rubuta shi a gefen rajistar asali. Lokacin da ya dace uba ya duba shi ne ranar da aka miƙo masa takardar: harafi bayan harafi, sunan yaro, na uba, na uwa, da wanda aka sa a gaba.

Jerin sunan ma kansa yana jawo rigima, musamman ga masu zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano ta Magarya ko Matamai. Amadou Issa da Issa Amadou mutum biyu ne a al'adarmu, ɗa da uba ma suna iya zama, amma fom ɗin da ke neman "sunan iyali" a gaba yakan juya su. Ƙara da cewa tsofaffin takardu da yawa "né vers" suke ɗauke da shi, wato an haife shi wajen shekara kaza, ba rana ba wata, sai a tarar da Amadou Issa biyu a unguwa ɗaya da shekarar haihuwa ɗaya. A takardar sayen gona ko fili, da ta rabon gado, da jerin masu karɓar tallafi, a dage a rubuta sunan kaka, da sunan uwa, da laƙabin da unguwa ta san mutum da shi, da lambar katin ɗan ƙasa. Shaidu ma haka: "Malam Amadu" a ƙasan takarda ba shaida ba ce bayan shekara ashirin, lokacin da masu cinikin suka rasu, magada suka zo gaban alƙali ko mai unguwa, aka tarar masallacin layin kaɗai yana da Malam Amadu uku.